Amsa ga mai Prado na Marwa: otomatik zata iya komawa manuwel, amma kar ka fara da siyan buwat (giyabos)

Salamu alaikum jama'a. Wani ƙanenmu daga Marwa ta Kamaru ya turo tambaya tun satin da ya wuce, ban samu zama ba sai yau da aka ɗauke wuta garaji ya yi tsit. Ga abin da yace a taƙaice: yanada Prado 95 mai shan gazuwal, injin 1KZ-TE, otomatik, okaziyo, wato ta hannu, ya siye ta daga Duwala, yana zirga-zirga da ita Marwa zuwa Kuseri, wani lokaci har ya tsallaka gadar Ngeli ya shiga Njamena. Yanzu in ta ɗau zafi sai ta riƙa jinkirin canza bites, wato giya, inji na kuka mota bata ja, fitilar O/D OFF na ƙiftawa, kuma duk makanikin da ya je wurinshi maganar ɗaya ce, "Alhaji a cire wannan buwat ɗin a sa maka manuwel ka huta". Har an nuna mishi wata buwat a kas, wato wurin masu saida kayan tsofaffin motoci, ance ta Hilux ce, zata shiga. Yana so ya san ko zai yiwu, me da me zai siya, kuma canjin ya fi mishi ko bai fi ba.

To ƙanena, zai yiwu kam. Na yi da hannuna ba sau ɗaya ba, sama da shekara ashirin kenan ina kwanciya ƙarƙashin Toyota a nan Garwa. Amma abin da masu ce maka "a sa manuwel ka huta" basa faɗa maka shi ne buwat ɗin ita ce mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Ƙato ne guda ɗaya, kowa na ganinta, kowa ya san kuɗinta. Ƙananan kayan da ke zagaye da ita, waɗanda wasunsu zaka iya sawa a aljihun jamfa, su ne ke sa mota ta yi wata uku kan duwatsu a garaji kaji na kwana a ƙarƙashinta. Af, kafin in yi nisa, zaka ji ina cakuɗa sunaye, mu nan muna cewa buwat da ambiriyaj da kardan, 'yan uwanmu na Mubi da Yola da Maiduguri suce giyabos da kuloci da farfela, duk abu ɗaya ne, in zaka yi odar kaya ta can sai ka san bakin da zaka yi musu magana da shi.

Abu na farko, wa yace maka buwat ɗinka ta mutu? Gaskiya alamomin da ka lissafa basu gamsar da ni ba. Fitilar O/D OFF in tana ƙiftawa ai magana take maka, tana cewa ƙwaƙwalwar motar ta ga matsala ta ɓangaren wuta kuma ta ajiye lambarta. Buwat ɗin da ke cikin irin motarka 'yar gidan A340 ce, mai bites huɗu ta kamfanin Aisin, a Prado yawanci A343F zaka gani a rubuce, kuma wallahi tana cikin otomatik mafi taurin rai da aka taɓa yi. Ka je wurin mai wutar mota wanda ya san aikinshi, a na farko-farkon 95 akwai ɗan akwati a gefen inji an rubuta DIAGNOSIS, a haɗa TE1 da E1 da guntun waya, a na baya-baya kuma soket ɗin na ƙarƙashin sitiyari ne, TC da CG ake haɗawa, a buɗe kontak ba tare da tada inji ba, maɓallin O/D yana kunne, sai a ƙirga ƙiftawar. In ta ba da 62 ko 63 solenoyid ɗin canza bites ne, wato ɗan bawul mai aiki da wuta a cikin buwat, 64 na kulle konbertiser ne, ƙwaryar nan da ke tsakanin inji da buwat, 42 ko 61 kuma na'urar auna gudu ce. Duk waɗannan gyaran yini ɗaya ne, wani ma waya ce kawai ɓera ya ci ko laka ta shiga soket.

Sannan mai. Ka auna shi mota na da zafi, inji na aiki, tana kan P, a wuri mai daidai, ba a gangaren bakin mayo ba. Ka ɗiga a farar takarda ka duba ka shinshina. Ja garau lafiya lau. In ya yi baƙi yana warin ƙonannen tuwo to fayafayan ciki sun fara ƙonewa. In kuma ya koma kamar kindirmo da aka zuba wa jan kala, ruwa ne ya shiga ta cikin radiyater, don man buwat ta ƙasan radiyater yake bi ya huce, in bututun ya huje sai su haɗu, wannan kam kar ka ƙara tada ta. Kuma Dexron take sha, II ko III. Na sha buɗe buwat in tarar da baƙin man inji a ciki, ko wani jan mai na kwalba da ba a san asalinshi ba da aka siya bakin hanya. Akwai wani gwaji kuma da nake so: a zare soket ɗin solenoyid a tuƙa ta da hannu, a L ta ba da bites na ɗaya, a 2 ta ba da na uku, a D ta ba da na huɗu. In ta yi haka ba zamewa, ƙarfen cikinta ƙalau yake, ciwon na wuta ne. Kaga kenan da ka cire ta, garin neman gira ka rasa ido.

To mu ɗauka an duba duka, ta ƙone da gaske, ko kuma kai dai ranka ya fita daga otomatik. Bari in faɗa maka abin da zaka samu da abin da zaka rasa a kan hanyoyinmu, don labarin da ake yi a majalisa rabinshi ba haka yake ba.

Babbar ribar manuwel a wurinmu ba gudu bane ba kuma mai bane, gyara ne. In ambiriyaj ya ƙare maka a Waza ko Dabanga zaka samu yaron da zai sauke buwat a gindin bishiya ya canza disk ka wuce. In otomatik ta tsaya maka a can sai dai a ɗoro ta a babbar mota, kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa ƙarasa ta yake, don fanfon manta inji ne ke juya shi, inji a kashe ba mai da ke zagayawa. Dalili kenan da ƙasar nan tamu duk ta tafi a kan manuwel, tun 1987 da sojojin Chadi suka kori na Libiya a Fada da Wadi Dum da Toyota a-kori-kura har duniya ta sa wa yaƙin sunan Toyota, zuwa yau da Land Cruiser 78 da 79 na soja da na ƙungiyoyin agaji suka cika hanya, hannun kowane makaniki ya saba da su. Na biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu in rana ta wuce digiri 40 a Kuseri, ga lodi ga ramuka ana tafiya a hankali, konbertiser, wannan ƙwaryar ƙarfen mai cike da mai da ke tsakanin inji da buwat, zamewa yake yi yana dafa mai, man kuma ya kai zafin cikin radiyater, shi kuwa 1KZ kowa ya san halinshi, kilas ɗinshi, wato kan inji, na alminiyon ne, ya yi zafi sau ɗaya biyu sai ya tsage. Cire otomatik na rage wa radiyater wannan kayan. Na uku gangara, wanda ya taɓa sauka falez, wato gangaren dutsen Ngaundere, da lodi, ko ya gangaro daga Mokolo ta Koza, ya san daɗin ya sa bites na biyu inji ya riƙe motar ba sai ya ƙona birki ba. Ko da yake otomatik ma in ka ja ta 2 ko L tana riƙewa, direbobi ne basu sani ba, su bar ta a D su taka birki har ya yi hayaƙi.

Amma a rairayi, in gaya maka gaskiya ko da makanikai 'yan uwana zasu ji haushi, otomatik ta fi. Ƙarfinta baya yankewa lokacin canza bites, shi kuwa mai manuwel da ya taka ambiriyaj a tsakiyar yashi mota ta tsaya cak ta nutse. Haka in ka shiga karal, wato ƙasar yumɓu mai danƙo, da damina ko ka tsallaka ruwa, ka taka ambiriyaj a ciki, laka ta shiga tsakanin disk da bolan, wato faifan ƙarfen bayan inji, shikenan ka siyo aiki. Sai maganar turi da kowa ke yi, "manuwel ko batir ya mutu a tura ta tashi". A injin 1HZ na Land Cruiser gaskiya ne, don fanfonshi ɗan wuta kaɗan yake so ya buɗe hanyar gazuwal. Naka 1KZ-TE fanfonshi ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa shi, in batir ya yi rauni ne kawai turi zai tashe ta, in ya mutu murus ku tura har Mora ba zata ce uffan ba.

Yanzu aikin kanshi. Shawarar da nake ba kowa, kuma a kanta nake rabuwa da mutane: kar ka siyi buwat, ka siyi mota. Ina nufin ka nemo Prado 95 irin taka sak, injin 1KZ, manuwel tun daga kamfani, wadda ta yi hatsari ko injinta ya mutu, ko rabin mota da ake yankowa daga waje, ka kwashe komai daga jikinta lokaci ɗaya har da kusoshi da 'yan ƙarafan riƙe bututu. In da hali a ajiye ta kusa da taka, ana cirewa nan ana ɗaurawa can. Ka buɗe kafo, wato murfin inji, ka duba ɗan farantin alminiyon da ke manne a jikin bodi, akwai layin MODEL, zaka ga KZJ95 sai harafi L ko R ko W, L sitiyari hagu kenan irin namu, R dama, W kuma 'yar kasuwar Japan ce, ita ma dama. A haruffan da ke bayan layin tsakiya in ka ga M manuwel ce mai bites biyar, in P ce otomatik. A ƙasa kuma akwai TRANS/AXLE, nan aka rubuta sunan buwat da lambar pon, wato akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyi biyu. Ka ɗau hoton naka ka ɗau na waccan ka jera su.

Maganar hagu da dama ɗin nan kar ka raina ta. Yawancin rabin motocin da ke zuwa ta Sharja kusa da Dubai daga Japan suka fito, sitiyari dama. Buwat ɗin zata shiga ba gardama, bolan zai shiga, amma fedal da mariƙinsu da bututun man ambiriyaj da damin wayoyi duk na ɗaya ɓangaren ne, ba zasu zauna a motarka ba. Sai ka ga mutum ya biya kuɗin kwantena da duwan, kaya sun iso Garwa, tsugune bata ƙare ba, ya koma neman fedal guda a Kan Yabasi na Duwala ko Mbog-Ada na Yawunde ko ya aika Ƙofar Ruwa a Kano. Waɗanda suka fito daga Faransa ko Beljiyam ko Jamus su ne hagu.

Ita kuma buwat ɗin Hilux da aka nuna maka, Hilux ɗin wace? Sunan ɗaya ne amma iri-iri ne. Masu injin 3L da 5L da yawansu ƙananan buwat ne 'yan gidan G, ba a yi su don ƙarfin turbo na 1KZ ba, ko an yi dabara ta shiga ba zata daɗe ba. Wadda ta dace da injinka 'yar gidan R ce, R150F ko R151F. Ko ita ɗin ma sai ka duba abu uku: kulosh, wato ƙwaryar gaba da ke haɗuwa da bayan inji, dole ta zama ta KZ, ta 5L ko ta V6 ramukan kusoshinta daban ne, tsawon sandar da ke shiga cikin disk, don ya bambanta tsakanin tsofaffi da sababbi, sai taransfer, wato akwatin karabo da ke bayanta, mai raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya. Prado 95 ƙafa huɗu take ja kullum, da difaransiyel a tsakiya da ake kullewa, Hilux kuwa baya take ja sai an sa karabo. Kuma ka duba ta wane gefe kardan na gaba ke fita, wasu hagu wasu dama, in ya saɓa da inda pon ɗinka na gaba yake ba malamin da zai haɗa su. Kar kuma ka ɗauka taransfer ɗinka ta yanzu zata ɗauru a bayan manuwel kai tsaye, mahaɗin da haƙoran sandar ba lallai su zo ɗaya ba, shi yasa nake cewa a ɗauko buwat da taransfer ɗinta a haɗe kamar yadda kamfani ya aura su. Kafin ka biya a buɗe magudanar mai a ga abin da ke manne a maganaɗisun, ɗan gari-gari ba komai, gutsattsarin haƙori kuwa ka bar musu kayansu.

In an sauke otomatik, a bayan inji zaka tarar da wani siririn faifan ƙarfe da konbertiser ke ɗaure a jiki. Shi zai fita, da 'yan zobban da ke gaba da bayanshi, duk a cire, bolan-moter mai nauyi ya maye wurin. Kusoshin bolan sun fi na faifan tsawo, a sa nashi, sababbi in an samu, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi bi da bi, ba a sa bututu yaro ya hau da ƙafa ba. Wasu 1KZ sun zo da bolan mai hawa biyu da sifirin a ciki, in na kas ne ka girgiza shi, in yana kwaram-kwaram ya gama, gara ka nemi dunƙulalle da disk ɗin da ya dace da shi. Tunda wurin a buɗe yake a canza juwan-sipi, wato robar tare mai, na bayan bilbireke, babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji, ko da baya yoyo, a samo na asali, don in ya fara ɗiga bayan wata biyu man zai jiƙa sabon disk kuma sai an sake sauke komai.

Sai ɗan ƙaramin rulma, wato boris, da ke shiga ramin tsakiyar bilbireke, wanda ke riƙe bakin sandar buwat. Injin da ya zo da otomatik bashi da shi, ramin fanko ne. Girmanshi bai wuce murfin kwalba ba kuma shi aka fi mantawa. An taɓa kawo min wata Land Cruiser 80 daga wajen Figil da aka yi mata wannan canjin a wani garaji, wata huɗu kacal buwat ta fara gurnani, bites na shiga da ƙyar, mai motar har ya yi rantsuwa mai kas ya cuce shi. Da muka sauke, ramin wayam, sandar tana ta lilo ba mariƙi har ta cinye rulman gaba ta lalata disk. Buwat mai lafiya aka kashe saboda abin da kuɗinshi bai kai na cin rana a tasha ba. Disk da filato da bute, wato kayan ambiriyaj, kuwa sababbi zaka sa, Aisin ko Exedy in ka samu na gaske, kar ka yarda da na kas, araha bata ado. Cokalin da ke tura bute da ɗan ƙwallon da yake zama a kai su ka ɗauko daga waccan motar.

Cikin mota kuma, fedal ɗin birki na otomatik faffaɗa ne, sai an sa siriri kafin na ambiriyaj ya samu wuri. Bangon ƙarfen da ya raba inji da ƙafar direba za a huda don fanfon ambiriyaj na sama, in ka ɗaga shimfiɗar sau da yawa zaka ga alamar wurin tun daga kamfani, in babu a auno daga waccan motar da kwali. A huda da dirila, don Allah kar a bar mai walda ya ƙona da wuta, ga wayoyi ga bututun birki a wurin. Kuma fedal ɗin ya zauna da cikakken mariƙinshi har kusar sama, in an ɗaure shi a jikin fallen bodi kaɗai kullum ana takawa wata rana sai wurin ya tsage. Daga nan bututun ƙarfe, tiyo, fanfo na ƙasa, a zuba man birki DOT 3 a fidda iska. Ramin liba a daɓen mota zai so gyara, na karabo ma yakan matsa, a sa robobin rufi duka biyu in ba haka ba ƙurar hanyar Kuseri da zafin buwat duk a cinyarka zasu ƙare. Tarabes da ke ɗauke da buwat da robarta, da kardan na gaba da na baya, a ɗauko na waccan motar a auna. Yanke kardan a ƙara da walda a bakin kasuwa gyaran gangar Auzinawa ne, daga gudun 80 mota zata fara rawa, ta cinye kurwaziyo ta cinye juwan taransfer.

Wuta ita ce inda ake sanin gwani. A gefen otomatik akwai makunnin da ke hana demarer juyawa sai a P ko N, kuma ta cikinshi wutar ribas ke bi. In ya fita mota ba zata yi kik ba sai an haɗa wayoyinshi biyu na demarer. Yawanci haɗe su kawai ake yi a naɗe da salatif, to daga ranar motar zata tashi ko tana cikin bites. A garajina wani yaro ya leƙa ta taga ya murɗa kontak wai zai ji ƙarar inji, mota na cikin na ɗaya, ta yi tsalle ta fasa randar ruwanmu ta daki bango, Allah ya kiyaye ba kowa a gaba. Tun ranar nake bi da wayoyin ta ɗan makunni a fedal ɗin ambiriyaj, sai an taka ta tashi. Wayoyin ribas a kai su makunnin da ke jikin manuwel, kar ka bari 'yan bizit teknik ko jandarma su tuna maka. A duba fitilar karabo da ta kulle tsakiya suna kamawa, a duba makulli na fita daga kontak, don a otomatik baya fita sai a P. Bakin bututu biyu na ƙasan radiyater a toshe su, ba sai ka canza radiyater ba in lafiyarshi ƙalau.

Ƙwaƙwalwar, wadda muke cewa kalkilater, in ka bar ta otomatik inji zai tashi ya yi tafiya, amma zata ci gaba da neman solenoyid ɗin da babu su, ta ajiye lambobin ciwo, kuma tunda bata san ko mota na cikin bites ko a'a ba ralanti, wato juyin inji in mota na tsaye, kan yi sama da ƙasa. Wasu sai su cire ƙwan fitilar su ce an gyara. Daidai shi ne a sa ta manuwel ta shekarar da soket ɗinta ya zo ɗaya da naka, kuma in 'yar Turai ce mai makulli mai kod to ƙwaƙwalwa da makulli da zoben kontak da ɗan akwatinsu tare suke tafiya, ka ɗauko ɗaya ka bar saura ka ga mota ta ƙi tashi kowa na zargin fanfo.

Wani abu da kusan ba mai faɗa wa mai mota: bites na ƙarshe a A343F 0.753 ne, na biyar a R150F da R151F kuma 0.838. Ma'ana in ka bar pon ɗinka yadda suke, a gudu ɗaya inji zai riƙa juyawa kusan kashi 11 cikin ɗari fiye da da. Inda allura ke zama 2,200 a kan kwaltar Garwa zuwa Marwa zata koma wajen 2,450. Ba zai kashe inji ba, a ramuka da hawa ma zaka ji ta ƙara kuzari, a cikin gari kuma zata ɗan rage shan gazuwal, amma wanda yace maka a doguwar hanya zaka ga ragi mai yawa bai yi lissafi ba. In kace zaka canza pon don gyara wannan to gaba da baya tare ake canzawa, lamba ɗaya, in suka saɓa a mota mai jan ƙafa huɗu kullum taransfer ce zata biya. Allurar gudu ma in ta fara ƙarya ɗan haƙorin na'urar da ke jikin taransfer ne bai dace da pon ɗinka ba.

A ra'ayina motocin da wannan aikin ya karɓe su su ne tsofaffin nan, 80 mai 1HZ ko 1HD-T da fanfonsu ba ruwanshi da ƙwaƙwalwa, a sa mata H150F ko H151F a wuce wurin, wayoyi kaɗan ne. Taka 95 tana tsakiya, ana yi ya yi kyau in akwai motar da za a kwasa. Daga Prado 120 mai D-4D zuwa sama, balle V8 ɗin manya, ni bana karɓa, don inji da ABS da allon gaba duk hira suke da juna ta waya, ka cire ɗaya saura su yi fushi. Kuma ka zauna da biro kafin ka kunce kusa ɗaya: kuɗin kayan waccan motar, da kawo su, da sabon ambiriyaj, da hannun makaniki da na mai wuta, da satittikan da motar zata yi bata kawo ko dala ba, sannan ka ƙara rabin abin da ka samu a kai don ba a taɓa gamawa a lissafin farko. Ka gwada shi da abu biyu, kuɗin wata A343F ta okaziyo mai lafiya haɗe da ƙarin ɗan radiyater na mai a gaba, wanda aikin kwana biyu ne, da kuma cikon da zaka yi in ka saida taka ka siyi 95 da aka haifa manuwel. Sau da yawa ɗayan biyun nan ke cin nasara, kuma ranar saidawa dillali na ganin P a faranti da liba a ƙasa zai fara rage maka kuɗi. Ni nakan ce a yi canjin ne in bodi da shasi da injin motar sun yi kyaun da ba zaka samu irinsu a kasuwa ba, kuma ga gawar da za a kwasa a hannu.

In har ka yi, man giya 75W-90 zaka zuba a buwat da taransfer, ba jan man da ya rage maka ba, ka canza shi da wuri karo na farko tunda baka san zaman da ta yi a kas ba. A bar ɗan wasa a saman fedal, kuma satin farko kar ka ɗora mata buhunan albasa ka ce zaka gwada ta. Ka riƙe rasit ɗin duk abin da ka siya da lambar shasin motar da aka ciro su, saboda shingayen hanya da kuma kayan sata da ke yawo. Tsohuwar buwat da konbertiser kar ka bar wa garaji kyauta, akwai masu nema.

Yanzu dai kafin komai turo min hoton farantin nan na cikin kafo, da hoton man a farar takarda, da lambar da fitilar ta ƙirga maka. Ka kuma tambayi mai kas ɗin ya goge gefen buwat ɗin Hilux ɗin ya ɗauko hotonta gaba da baya har da taransfer, in gani ko 'yar gidan R ce.